Madugu Uban Tafiya: Wuni Guda A Kan Keke Bisa Tsohuwar Hanyar Ayari

Duk wanda ya san unguwar Nassarawa GRA a Kano ya san Gidan Ɗan Hausa, tsohon ginin ƙasar nan mai zankwaye da ke kan titin Sokoto. Na yi shekaru ina wuce shi safe da yamma a mota, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba illa wurin da ake kai 'yan makaranta su ga kayan tarihi. Sai ranar da na bi ayarin masu kekuna tafiyar wuni guda, na kusa barin raina a gindin wani gawo tsakanin Kazaure da Daura, sannan na gane abin da mutanen da suka zauna a wannan wuri suka sani game da tafiya. Labarin wannan wuni nake so in ba mai karatu, haɗe da tarihin hanyar da muka bi, domin kuwa ɗaya ba ya fita sai da ɗayan.

YADDA AKA ƘULLA TAFIYAR

Ni dai ba ɗan wasa ba ne. Likita ne ya tsorata ni a shekarar 2018, ya ce jinina ya hau, tumbi kuma ya yi gaba, ya ɗora ni a kan magani, ya ce in nemi abin motsa jiki. Da haka na faɗa cikin wasu mutane da ke haɗuwa a bakin Filin Sukuwa kowace Asabar bayan sallar Asuba, su zaga gari a kan kekuna. Akwai ma'aikatan banki, akwai likita, akwai lauya, da 'yan kasuwar Kantin Kwari, da wasu samari 'yan jami'a. Kowa da kekensa na tsere mai tarin giya, da hular kwano, da matsattsun kayan da in mahaifiyata ta gan ni a ciki sai ta yi salati.

Mutum ɗaya ne ya fita daban, wani dattijo mai gyaran keke a Fagge, wanda dukkanmu muke kira Baba. Asali gyara muke kai masa, da tafiya ta yi tafiya ya riƙa biyo mu. Kekensa tsohon Raleigh ne baƙi mai birkin sanda, ba shi da giya, a bayansa akwai kariya da ya ɗaure wa akwatin kayan aiki. Asalinsu Agalawa ne, fataken nan da suka yi suna a safarar goro daga Gwanja, waɗanda tushensu ke komawa ƙasar Azbin.

A ƙarshen 2019 wani daga cikinmu ya kawo shawarar mu daina zagaye gari, mu gwada doguwar tafiya. Ya ba mu labarin masu kekunan da tun 2003 suke tashi daga Alƙahira su nufi Afirka ta Kudu, tafiyar kusan wata huɗu, su keta hamadar Sudan su hau duwatsun Habasha. Ni kuma, da yake tarihi na karanta, na ce ai ba sai mun je Sudan ba, muna da tamu hanyar hamada a ƙofar gida, kuma daga unguwarmu ma ya kamata a tashi. Ga dalilina.

MUTUM BIYU NA NASSARAWA

Wanda ake kira Ɗan Hausa sunansa Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan da ya shiga aikin mulkin mallakar Ingila. A 1906, da zai koma bakin aikinsa a Barno, maimakon ya biyo ta teku kamar sauran Turawa, sai ya sauka a Tarabulus ya haɗa ayari, ya keto Sahara ta Murzuk da Bilma har zuwa tafkin Chadi. A cikin ayarin nasa akwai alhazai masu komowa daga Makka, akwai kuma 'yantattun bayi masu neman hanyar gida. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a nan Nassarawa.

Cikin waɗanda suka koyar a makarantar akwai wani tsoho mai suna Dorugu, wanda ya riga Ɗan Hausa keta Sahara da shekara hamsin. An haifi Dorugu a wajajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi, ya tsinci kansa a Kukawa, inda wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka je Tambutu suka dawo, a 1855 kuma suka keta hamada daga Kukawa zuwa Tarabulus, daga nan sai Landan. A Ingila ne Dorugu ya ba wani malamin mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo Afirka ta Yamma a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Nassarawa, inda ya rasu a 1912.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga inda wannan bawan Allah ya rasu zuwa inda aka haife shi bai wuce tafiyar kwana biyu a keke ba. Na ce mu bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, mu tsallaka ta Kwangwalam mu bi ta Matamai mu isa Kance. To amma a lokacin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agusta na 2019, saboda haka aka tsaya a kan Daura, kimanin kilomita 130, a wuni guda.

FITA GARI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana saura kwana biyu Baba ya sa kowa ya kai masa kekensa, ya duba birki da sarƙa da taya, ya haɗa faci da sholisho da famfo. Ranar wata Asabar a ƙarshen Janairun 2020, mu 14 muka taru a bakin Filin Sukuwa cikin sanyi da hazo, da mota ɗaya mai ɗauke da ruwa da jakunkuna. Ba wanda ya naɗa Baba shugaba, amma da ya fara magana kowa ya yi shiru. Ya kafa mana doka uku: kada wanda ya wuce jagaba, a sha ruwa tun kafin a ji ƙishi, kuma duk inda aka ya da zango sai an ƙirga mutane kafin a tashi. Ya zaɓi wani saurayi natsattse ya ce shi ne jagaba, shi kuma ya ja kekensa ya koma can ƙarshen layi.

Na ce, "Baba, kai da za ka ja mu, me ya kai ka baya?"

Ya ce, "Malam, ai a wurin kakanninmu madugu baya yake tafiya. Na gaba hanya kawai yake gani, na baya shi ke ganin mutane."

Na yi dariya, domin a zuciyata na ɗauka tsohon kekensa ne ba zai iya gaba ba, yake neman abin fakewa.

Muka biyo titin Murtala Muhammad, muka ratsa ta gefen Fagge muka hau titin Katsina. Fagge ɗin nan da muka wuce cikin 'yan mintoci, a da nan ne masaukin baƙi da fatake a bayan ganuwa. Lokacin da Barth ya shigo Kano a farkon Fabrairun 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin sun kai 30,000, ya ce kuma a lokacin cin kasuwa, daga Janairu zuwa Afrilu, yawan yakan ninka saboda baƙi. Ayarin gishirin Buzaye da ya biyo daga Azbin a wannan shekarar, a lissafinsa, ya kai kayan raƙuma 3,000. Har yau sunayen unguwannin cikin birni suna ba da shaida: Agadasawa, Zangon Barebari, da Dandalin Turawa, wanda Turawan cikinsa ba na Ingila ba ne, Larabawan Gadamas da Tarabulus ne. Ta wannan hanya ta arewa turkuɗi da jan kilago da hauren giwa da gashin jimina suke fita, takarda da alharini da tsakiya da takubba suke shigowa. A wancan zamani fuskar Kano arewa take kallo.

Muna wuce Kurna da Rijiyar Lemo, muka isa Dawanau manyan motocin hatsi na ta ɗumama inji, muka karya dama muka kama hanyar Dambatta. Nan iska ta yi mana sallama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai tafiya Daura a Janairu ƙirji da ƙirji yake da ita. Nan ne kuma amfanin ayari ya fito. Muka jeru layi biyu, taya na bin taya, na gaba ya sare iska na 'yan mintoci, in ya gaji ya zame gefe ya koma baya, na bayansa ya karɓa. Wanda ya laɓe a bayan ɗan'uwansa yakan sami sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Da wannan dabara ake cin babbar gasar kekuna ta Faransa, wadda aka fara a 1903, shekarar da sojojin Ingila suka ci Kano.

ZANGON DAMBATTA

Wajen ƙarfe tara muka sauka a Dambatta wurin wani mai shayi. Yara suka kewaye kekunanmu suna taɓa siraran tayoyin, amma dattawan da ke zaune a benci kan Raleigh ɗin Baba suka taru, suna ƙwanƙwasa ƙarfensa, kowa na ba da labarin nasa da ya taɓa mallaka.

Ba abin mamaki ba ne. Keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, a Ingila aka fito da shi a 1885, tayar iska kuma ta biyo baya a 1888. Da ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawa, ya fara zama abin hawan ma'aikatan En'e, malaman gona da masinjoji, daga baya ya zama raƙumin talaka, mai kai buhun gero kasuwa, mai kai mara lafiya asibiti. Kasuwarsa ta yi ƙarfin da kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ya taɓa kafa masana'anta a Kano, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika ƙauyuka, kafin kuma babur ya ture su duka. Harshenmu ma ya riƙe shaida, domin da wasu na'urori suka zo da sunansa muka kira su: keken ɗinki, keken rubutu.

Da za mu tashi Baba ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nunawa da yatsa, ya ce 14, sannan ya ce bismilla.

DUWATSUN KAZAURE DA NA AZBIN

Tun daga nesa muka hango duwatsun Kazaure cikin hazo. Hanya ta fara hawa da gangara, hira ta ɗauke, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da numfashi. Waɗannan duwatsu su ne suka zama garkuwa ga Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure a wajajen 1819, ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Wanda ya hau su da ƙarfin cinyarsa ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa dawakin Kano suka sha wuya a nan.

Amma fa duwatsun Kazaure tsaunuka ne kawai idan aka gwada su da abin da ke gaba a wannan hanya. Wanda ya miƙe arewa ya wuce Damagaram da Damargu, zai isa Agadas, mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, a bayanta kuma duwatsun Azbin, inda ƙololuwar Bagzam ta haura mita 2,000. Daga gindin waɗannan duwatsu ayarin gishiri ke tashi a wajajen Oktoba, ya keta rairayin Tenere ta Fashi zuwa Bilma, wajen kilomita 600 gabas da Agadas. Suna tafiya tun safe har cikin dare ba tsayawa, a kan tafiya ake ci, a kan tafiya ake sha, harawar raƙuma ma ɗauke da ita ake tafiya, ana ajiye wani kaso a hanya saboda dawowa. Su kai geron ƙasar Hausa, su karɓo kantu da beza da dabino, sannan su gangaro kudu su sayar, raƙumansu su yi rani a gonakinmu. Shugaban wannan ayari, Buzaye ma madugu suke ce masa, da kalmarmu. A Tenere madugu gaba yake shiga, domin shi ne mai karanta rana da taurari a inda babu sawu. A hanyar Gwanja kuwa, inda ayari kan haura mutum dubu da jakunansu, a yi wata biyu ko uku kafin a isa, aiki rabawa ake yi: jagaba a gaba, uban dawaki yana kula da biyan fito da kuɗin hanya, ga malami, ga makaɗi, madugu kuma shi ne na ƙarshen barin zango.

Duk wannan na san shi a takarda, har ma ina zuba wa abokan tafiya shi a inuwa a Kazaure, muna shan fura. Sani a takarda daban, aiki da shi daban.

INDA NA KARYA DOKA

Baba ya ce a huta har a yi Azahar, rana ta ɗan karya. Ni kuwa na ji jikina garau, kekena sabo, ga samari biyu suna cewa in muka biye wa tsoho sai Isha za mu shiga Daura. Muna idar da salla, kafin a gama ɗaure kaya, mu uku muka sulale. Ko gorar ruwana ta biyu ban tsaya na cika ba.

Bayan Kazaure ƙasa ta canza. Duwatsu suka koma baya, jar ƙasa ta zama farin yashi, gonaki fayau sai kututturen gero, sai gawo da aduwa jefi-jefi, iska na kwaso rairayi tana watsawa a kan kwalta. Samarin nan ba su fi rabin sa'a tare da ni ba, na ga bayansu yana ƙanƙancewa har suka ɓace. Na rage ni kaɗai da iska, ba wanda zan laɓe a bayansa. Sharrin hunturu shi ne ba ka ganin gumi, busasshiyar iska na shanye shi tun bai tsatso ba, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa. Ga shi kuma maganin hawan jinin da nake sha irin mai sa yawan fitsari ne. Da farko kaina ya fara sarawa, sannan jijiyoyin cinyata suka ɗaure tamau, na duba rigata na ga farin gishiri ya yi mata zane. Na girgiza gora, babu ko ɗigo.

Na hango wani gawo can gefen hanya a bayan wani tudun yashi. Shi gawo da rani yake ganye, saboda haka inuwarsa ta ja ni. Na tura keke cikin yashi na isa, na zube. Na ciro waya, ashe manhajar auna tafiya da na kunna tun Asuba ta cinye cajin. Ina kwance ina jin jiri, na ji wucewar ayarinmu a kan titi, har da ƙararrawar Baba. Na buɗe baki in yi kira, harshe ya manne, murya ta ƙi fita. Tudun yashin da ya kare ni daga iska shi ya kare ni daga idonsu.

A wannan hali, wallahi, ba wanda ya faɗo mini a rai sai Abdulkarim. A watan Yulin 1850, ayarinsu na dab da Gat a kudancin Libiya ta yau, Barth ya ga wani dutse mai suna Idinen, wanda Buzaye suka ce masa gidan aljannu ne, kada ya je. Ya ƙi ji, ya bar ayari ya tafi shi kaɗai da ɗan ruwa kaɗan. Ya hau dutsen, ruwa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ya kwana a fili, ƙishi ya kai shi ga tsotsar jinin jikinsa. Washegari wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi rai a hannun Allah. Mutumin da daga baya ya shekara biyar yana yawo tsakanin Barno da Tambutu, saura ƙiris tafiyarsa ta ƙare tun bai ga ƙasar Hausa ba, saboda ya raina maganar masu hanya. Na sha karanta wannan labari ina cewa kai, Bature da taurin kai. Ga ni nan a gindin gawo.

ƘIRGA

Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labari. Da suka isa Sandamu suka tarar da samarin nan biyu suna hutawa. Kowa ya ɗauka ina tare da su, su kuma sun ɗauka na koma cikin ayari. Har an fara hawa kekuna, Baba ya ce a tsaya, ya bi su da yatsa. Ya ce 13. Ya sake ƙirgawa, 13. Motarmu ta riga ta wuce Daura da keken wani da ƙafarsa ta lanƙwashe, aka buga wa direba ya juyo, wasu suka ce a jira ta. Baba ya ce mota ba ta ganin sawu. Ya ɗauki gora biyu ya juya kan kekensa, yana tafe a hankali a bakin kwalta, idonsa a ƙasa, har wajen kilomita 8, inda ya ga siririn sawun taya ya sauka cikin yashi.

Ban ji zuwansa ba, sai dai na ji hannu ya tallafo kaina. Na kai wa gorar cafka, ya janye.

Ya ce, "A hankali, Malam. Kurɓi kaɗan-kaɗan, in ka kwankwaɗa amai za ka yi."

Ruwan da ɗan gishiri da sukari a ciki, ashe tun daga gida ya ƙullo su a leda. Ya jiƙa rawaninsa ya ɗora mini a wuya, ya riƙa murza mini cinya. Da na dawo hayyacina na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba ni ka yi wa ba, 'ya'yanka ka so ka yi wa. Sha ruwa."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, har yau. Da mota ta iso da likitanmu, ya duba ni ya ce da an ƙara sa'a guda da labarin ya sha bamban, ya kuma hana ni sake hawa. Haka na shiga Daura bayan Magariba a kujerar baya, kekena mai tsada ɗaure a saman mota, muna bin ayari a hankali da fitila. A gabanmu, a ƙarshen layi, ga tsoho a kan baƙin Raleigh, wanda ya fi kowa nisan tafiya a ranar da kilomita 16. A ƙofar masauki ya bi mu da yatsa, ya ce 14, alhamdu lillahi.

ABIN DA YA RAGE NA HANYAR

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ayarin da duk alheri ne. A wannan hanya ta hamada an kora dubban bayi zuwa arewa, kuma Turawan da suka biyo ta Murzuk da Bilma a 1822 zuwa 1823, su Denham da Clapperton, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyoyi. Waɗannan su ne waɗanda aka ƙirga a cikin kaya, ba a cikin mutane ba, in sun gaza a kwance su a wuce. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san wannan ɓangare na labarin, Dorugu kuwa a jikinsa ya san shi. Ashe ƙirga kaɗai ba ta isa ba, sai an duba wa aka ɗauka mutum a cikin lissafin.

Hanyar kanta ba ta daɗe ba bayan tafiyar Ɗan Hausa. Faransa ta kama Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba Daura da Kance. A 1911 Italiya ta afka wa Tarabulus, a shekarar ce kuma layin dogo ya iso Kano, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Kayan da raƙumi ke kai wa bakin teku a watanni, jirgi ya riƙa kai su Ikko a kwanaki. 'Ya'yan fatake suka koma sayen gyaɗa, cikinsu har da Alhasan Ɗantata, wanda shi ma Agalawa ne kuma da fataucin goro ya fara. Tawayen Kawusan a Agadas a 1916 zuwa 1917, da irin murƙushewar da Faransa ta yi masa, suka ƙarasa karya Azbin. Kano ta juya fuskarta kudu, har muka wayi gari ɗan Kano ya san hanyar Dubai bai san ta Damagaram ba.

Washegari Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, muka ƙarasa can, ni dai a mota. Na ga raƙuma a durƙushe, na ga kantun gishiri a shimfiɗe ana ciniki, na ji Hausar Damagaram da ta Daura suna cakuɗe. Muka je Kwangwalam muka tsaya muna kallon titin da ya miƙe zuwa Matamai da Kance, sannan muka juyo. An buɗe iyakokin daga ƙarshen 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura, wato dai sawun raƙuma. Abin da ya kashe hanyar, shi ake fatan ya tashe ta.

Ni dai abin da na tsinta a gindin gawo bai kai girman wannan ba, amma ya ishe ni. Kakanninmu ba da ƙarfi suka ci hamada ba, da tsari suka ci ta: a tafi da saurin mai rauni, a raba iska, kuma a sami mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne ya san adadin mutanensa. Mu da muka yi boko a inuwar makarantar Nassarawa mun iya tseren gaba, kowa na son a ce shi ya fara isa, a ofis, a kasuwa, har a cikin dangi. Masu juyawa su bi sawu ne suka yi mana ƙaranci.

Har yanzu ina fita ranar Asabar, kuma in mun biyo ta titin Sokoto nakan dubi Gidan Ɗan Hausa in tuna da tsohon malamin nan ɗan Dambanas. Kance tana nan a raina, in Allah Ya nufa sai na je ta a kan keke. Sai dai yanzu a ƙarshen layi nake tafiya, kusa da Baba, ina koyon ƙirga.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka isa da waɗanda suka rage a hanya. Mu kuma Ya haɗa mu da abokan tafiya nagari, amin.